Yadda Ake Shimfiɗa Hanyar Kira a Ma'aikata: Darasi Daga Gaya, Balan da Ajingi

Lambar wayar da ke rubuce a jikin allon shago, ko ta ƙungiyar manoma, ko ta ƙaramin asibiti a ƙasar Gaya, yawanci lambar wani mutum ce guda. Idan ya tafi ta'aziyya Wudil, lambar ta tafi da shi. Idan cajinsa ya ƙare, ma'aikatar ta yi shiru. Ranar da ya bar aiki kuwa, duk abokan cinikin da aka yi shekaru ana tarawa suna cikin aljihunsa. Maganin wannan shi ne a mayar da lambar ta zama ta ma'aikata, sannan a shimfiɗa wa kowane kira hanyar da zai bi tun kafin ya shigo: wa zai fara ɗauka, wa ke biye da shi, ina kiran zai nufa bayan an tashi daga aiki. Bankuna da manyan kamfanoni sun daɗe da yin haka. Yau kayan aikin sun yi sauƙin da ƙungiya mai ma'aikata goma sha biyu za ta iya.

A ce akwai wata ƙungiya mai sayar da taki da iri, tana kuma sayen gero da wake da gyaɗa bayan kaka. Ofishinta yana garin Gaya, sito yana Balan, akwai reshe a Ajingi, da wakili a kasuwar Dawanau ta Kano. Da ita za mu yi misali har ƙarshe, amma tsarin bai bambanta ba ga makaranta, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibitin unguwa da ke tura marasa lafiya babban asibitin Gaya.

Fara da takarda

Kada a sayi komai tukuna. A zauna da ma'aikata, a ɗauki biro, a rubuta irin kiran da ke shigowa. Manomi yana tambayar farashin buhun taki. Direba ya makale a hanya yana neman mai sito. Wakilin Dawanau yana son a faɗa masa ko ya sayar ko ya dakata. Mai bin bashi yana neman ma'aji. Kowane iri a rubuta masa sunan mutum uku a jere, na farko, na biyu, na uku, da tsawon lokacin da za a jira kafin a tsallaka zuwa na gaba. Daƙiƙa 20 ta isa, wato kamar ƙararrawa huɗu ko biyar. Wanda ya fi haka jira, kashewa yake yi ya kira wani dillalin.

Wannan takardar ita ce tsarin. Na'urar da za a sayo daga baya aikinta bin abin da aka rubuta ne kawai. Matsayinta a ma'aikata kamar na zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo ya yi sallama a wuri ɗaya, daga nan a san wanda za a kira masa, ko a shiga da shi, ko a ba shi tabarma ya jira.

Ƙungiyar da ba ta kai ga sayen na'ura ba ma tana da abin yi yau ɗin nan. Kowane layin salula yana karɓar umarnin juya kira. A danna **61* sai lambar mutum na biyu sai # domin kiran da ba a ɗauka ba ya wuce gare shi. **67* na lokacin da layi ke kan wani kira ne, **62* na lokacin da waya ke kashe ko babu sabis, ##002# kuma yana goge su duka. A sani dai kuɗin kiran da aka juya kan layin ofis yake faɗawa. Kamfanonin waya suna kuma sayar da tsarin CUG, inda ake biyan kuɗin wata a kan kowane layi, 'yan ƙungiya su riƙa kiran juna ba tare da kati ya tafi ba. Ga ma'aikata biyar ko shida, waɗannan biyun sun wadatar. Iyakarsu ita ce ba sa jera masu kira a layi, ba sa sanin lokacin tashi, kuma ba sa ajiye lissafin wanda ya kira bai samu kowa ba.

Na'urar raba kira da ƙofofinta

Idan aka wuce nan, sai na'urar raba kira, wadda 'yan kasuwa ke sayarwa da sunan PBX. A zamanin NITEL, lokacin da Kano ke amsa lambar 064, manyan ofisoshi suna da ita, da afareta zaune yana haɗa kira da hannu. Ta yanzu ɗan akwati ce da bai kai girman littafin rajista ba, irin na Yeastar ko Grandstream, ko kuma manhaja a cikin kwamfuta, kamar 3CX ko Asterisk, wadda Mark Spencer ya fitar kyauta a Amurka a 1999 kuma har yau ake gina wasu a kanta. Akwai kuma wadda ake haya a intanet, babu akwati a ofis sam. Ga wuri irin Balan ni ban fifita ta haya ba, domin da zarar data ta yanke, ko tebur biyu da ke ɗaki ɗaya ba za su iya kiran juna ba. Akwatin da ke cikin ofis yana ci gaba da haɗa kiran cikin gida ko intanet ta ɗauke.

Na'urar tana buƙatar ƙofa zuwa duniyar waje, kuma ƙofofin iri biyu ne. Ta farko layin SIP ne, wanda ake saye daga kamfani mai lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC. Ta intanet yake zuwa, yana ɗaukar kira da yawa a lokaci guda a kan lamba ɗaya. Lambar tana iya zama ta layin ƙasa na Kano, wanda tun 2024 ya koma farawa da 02064, ko 0700, ko 0800 da mai kira ba ya biyan komai, ma'aikata ke biya. Ta biyu akwatin sim ne, mai ramuka huɗu ko takwas, a zuba masa layukan MTN, Airtel, Glo ko T2 (tsohuwar 9mobile). Kowane sim kira ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya, amma bai dogara da data ba, ƙarfen sabis kawai yake nema. A karkara ya fi dacewa a haɗa biyun, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri.

Abu biyu game da akwatin sim. A yi rajistar layukan da sunan ƙungiya, da takardunta na hukumar rajistar kamfanoni, kuma a gaya wa kamfanin wayar abin da za a yi da su, domin layin da ke kira ba ƙaƙƙautawa daga wuri guda yana iya jawo a rufe shi. Sannan kada wani ya ruɗe ku da shigo da kiran ƙasashen waje ta intanet ana fitar da shi ta waɗannan layukan kamar kiran gida. NCC ta haramta wannan, kuma a 2018 ta hukunta kamfanoni a kansa tare da toshe lambobi masu yawa.

Layi nawa za a saya? Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, ya warware wannan tun 1917 yana aiki da kamfanin wayar Kofanhegan. A duba awar da kira ya fi yawa. Idan kira 20 ke shigowa a cikinta, kowanne yana cin minti uku, jimla minti 60 ke nan, wato aikin da a ido layi ɗaya zai ɗauke. Amma mutane ba sa kira bi da bi. Da layi ɗaya, rabin masu kira za su tarar da shi a cike. Da layi biyu, kashi 20 cikin ɗari. Da uku, kusan kashi 6. Da huɗu, ƙasa da kashi 2. Shi ya sa akwati mai rami huɗu ya dace da ƙungiyarmu, muddin an yi ƙidayar a makon da damina ta faɗi ana rububin taki, ba a tsakiyar rani ba.

Rabon lambobin cikin gida

Kowane ma'aikaci yana samun gajeriyar lamba tasa mai alƙaluma uku. A raba su bisa wuri, yadda duk wanda ya ga lamba zai san inda ta nufa: Gaya daga 201, Balan daga 401, Ajingi daga 501, Dawanau daga 701. An tsallake wasu ne da dalili. Idan aka fara da 101, ranar da aka kai ma'aikaci na goma sha biyu za a ba shi 112, alhali 112 lambar neman agajin gaggawa ce a Najeriya. Jerin 300 na kamfanonin waya ne, na duba kati da neman taimako, 622 kuma ta kai ƙorafi ce ga NCC. A bar su a matsayinsu.

Lambar ta kujera ce, ba ta mutum ba. 401 mai sito ne, ko wane ne mai siton. 202 ma'aji ne. Haka za a rubuta a allo, haka za a saba wa direbobi.

Daga nan sai daidaita lambobin waje, kuma a nan masu haɗa na'ura da yawa ke yin sakaci. Mutum ɗaya yana ajiye lamba da 0803, wani da 234803, wani da +234. Dole a koya wa na'ura ta mayar da su duka siffa ɗaya, wadda ƙungiyar sadarwa ta duniya ta tsara a ƙa'idar E.164, inda lamba ba ta wuce alƙaluma 15. Dokar farko: lamba mai alƙaluma 11 da ta fara da sifiri, a cire sifirin a sa +234. Ta biyu: wadda ta fara da 234, a ƙara mata alamar tarawa. Ta uku: mai alƙaluma uku, ta cikin gida ce, kada ta fita waje, ban da 112. Ta huɗu: lambar Nijar, +227 da alƙaluma takwas, ga masu hulɗa da Maraɗi ko Damagaram. A ƙofar fita kuma sai a sake juya ta zuwa siffar da kamfanin ke karɓa, domin wani layin SIP yana son +234, sim kuma ya fi sabawa da sifiri. Idan ba a yi haka ba, za a ga sunan abokin ciniki ba ya fitowa idan ya kira, ko a danna maimaita kira na'ura ta ce babu wannan lamba.

Kiran da ke fita

Tambaya biyu na'ura ke yi wa duk kiran da zai fita: an yarda wannan mutumin ya kira nan? Idan an yarda, ta wace ƙofa? Ta farko ana amsa ta da matakan izini. Wayar bakin ƙofa, cikin gida da 112 kawai. Ma'aikata, duk faɗin Najeriya. Shugaba da mai kula da saye, har da Nijar da Saudiyya idan akwai buƙata. Sauran ƙasashen duniya a rufe su ruf, a buɗe ɗaya bayan ɗaya idan dalili ya taso. 112 kuwa tana fita daga kowace waya, a kowane lokaci, ta sim na reshen da mai kiran yake, ba ta Gaya ba idan shi yana Ajingi.

Ta biyu ita ce zaɓen hanya. Da can dabarar ita ce a duba farkon lamba: 0803 da 0806 su bi ta sim na MTN, 0802 da 0808 ta Airtel, 0805 da 0807 ta Glo, saboda kiran layi ɗaya ya fi araha. Tun Afrilun 2013, da aka ba mutane damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, farkon lamba ya daina zama shaida. Ga shi kuma tsare-tsare da dama yanzu kuɗi ɗaya suke caja zuwa kowane layi. Shawarata a jera ƙofofin bisa ƙarfinsu a wurin da akwatin yake. A zaga da waya a cikin ofishin da safe, da rana, da bayan magariba lokacin da kowa ke kan data, a ga layin da ba ya yankewa. Shi ne na farko, mai bi masa na biyu, layin SIP na uku ko na farko gwargwadon ingancin intanet. Idan ƙofar farko a cike take ko ta mutu, kira ya gangara ta biyu ba tare da mai kiran ya san an yi ba. Eriya a saman rufi, da waya zuwa akwatin, sau da yawa tana gyara abin da sauya kamfani bai gyara ba.

Kiran da ke shigowa

Nan ne mutuncin ma'aikata yake, don haka a daɗe a kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce rukunin ƙararrawa: kira ya shigo, wayoyi uku su yi ƙara tare, wanda ya riga ɗauka shi ke da shi. Ya dace da teburin ciniki. Ga ma'aji ko mai sito, bi da bi ya fi, kamar yadda aka rubuta a takarda. A lokacin rububi sai a buɗe layin jira, na'ura ta gaya wa mutum shi ne na nawa, amma kada a bar shi ya wuce minti biyu yana ƙona katinsa.

Muryar da ke cewa danna ɗaya, danna biyu, tana da amfani idan an taƙaita. A naɗe ta da Hausa, da muryar wani da mutanen yankin za su ji kamar nasu, a fara da sallama. Zaɓi kada ya wuce uku. Idan akwai abokan hulɗa Fulani da yawa, a samu ma'aikaci mai jin Fulatanci a ba shi zaɓi guda. Mafi muhimmanci, wanda bai danna komai ba a wuce da shi wurin mutum kai tsaye. Dattijon da jikansa ya danna masa lamba ya miƙa masa waya ba zai cire ta daga kunne ya nemi biyu ba, kuma shi ne mai gonar da ta fi ta kowa.

Jadawalin lokaci a yi shi bisa rayuwar wurin, ba wanda ya zo a cikin na'ura daga masana'anta ba. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa saukowa daga masallaci, kira ya tafi wurin wanda aka bari a ofis, ko saƙo ya faɗi lokacin dawowa. Watan azumi yana da nasa lokacin tashi. Ranakun Sallah ana sa su da hannu kowace shekara, tun da da ganin wata suke tafiya. Da dare kira ya bi wayar mai tsaron aiki, a kuma riƙa juya wannan nauyin mako mako. A asibiti wannan layin daren shi ne mafi muhimmanci a duk tsarin: mai naƙuda a wani ƙauye, mijinta na neman a ce masa ya kawo ta nan ko ya wuce Gaya. Irin wannan kira ba a haɗa shi da murya naɗaɗɗa, kuma jerinsa ba ya ƙarewa sai an samu mai ɗauka.

Akwatin barin saƙon murya bai karɓu a wurinmu ba, mutane kashewa suke yi. Abin da ya karɓu shi ne filashin. To a karɓe shi a matsayin hanya: na'ura tana rubuta duk lambar da ta kira ba a ɗauka ba, a ɗora wa mutum guda alhakin bin su cikin rabin awa. Manomin da aka bi shi da kira ba ya mantawa.

Akwai matsala guda da ya kamata a sani tun farko. Idan kira ya shigo ta sim ɗaya aka fitar da shi ta wani zuwa salular ma'aikaci, lambar ofis zai gani, ba ta mai kiran ba. Maganinta shi ne manhajar waya da ke mayar da salularsa ta zama 401 ko 501 ta kan data. Da ita zai ga lambar gaskiya, ya tura kira ga abokin aiki, ya ga wanda ke kan waya da wanda ya fita, su yi rubutu ko taron bidiyo a wuri ɗaya. Wannan haɗuwar murya da saƙo da bidiyo a ƙarƙashin suna ɗaya ita ce haɗaɗɗiyar sadarwa da ake magana, irin ta Microsoft Teams, wadda ta gaji Lync da Skype for Business. Ma'aikatar da ke kan Teams tana iya haɗa ta da layin cikin gida ta wata na'urar tsaron iyaka mai suna SBC, kuma dokokin nan na daidaita lamba, izini da jerin ƙofofi su ne dai za ta rubuta. Lambar WhatsApp ta kasuwanci ma a ɗora ta kan layin ƙungiya, ba na wani ba.

Data, wuta da ɓarayi

Murya ba ta cin data da yawa, tsayayyiyar hanya take so. Kira ɗaya a tsarin G.711 yana cin kimanin kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, a G.729 kimanin 31. Abin da ke lalata shi jinkiri ne. Idan murya ta ɗauki fiye da milisakan 150 kafin ta isa, mutane za su fara katse juna, idan kuma fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙunshin bayanai yana zubewa a hanya, kalmomi za su riƙa guntulewa. A saita rauta ta ba murya gaba a kan komai, don kada bidiyon da wani ke saukewa ya shaƙe cinikin buhu ɗari. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, zaɓi ce ga wurin da sabis ya yi rauni, sai dai tana da tsada, tana jan wuta, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa ta.

Wuta kuma kada a dogara da ta KEDCO kaɗai. A ce akwatin raba kira, akwatin sim, rauta da wayoyin tebur shida suna jan wat 60 gaba ɗaya. A awa 14 da babu rana, wat-awa 840 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, amma rabi ake taɓawa idan ana son ya daɗe, wato 1,200. Ya isa dare guda, da sharaɗin ba a jona masa fanka da firji ba. A ware wa wayoyi nasu batir da faifan sola, a riƙa share ƙurar hunturu daga kan faifan, a kafa ƙarfen kariyar tsawa ga eriyar kafin damina.

Ɓarayin kira suna yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa mashiga ta 5060, wadda SIP ke amfani da ita. Idan suka samu na'ura da kalmar sirrin masana'anta, sai su kwana suna fitar da kira zuwa lambobi masu tsada a ƙasashen waje, galibi a ƙarshen mako. A sauya duk kalmomin sirri ranar farko, a rufe mashigar ga kowa sai kamfanin layi da rassan ƙungiya, a haɗa rassan ta rufaffiyar hanya, a kuma zauna a kan tsarin biya kafin amfani yadda asara ba za ta wuce kuɗin da ke ciki ba. Idan za a naɗi maganganu, a sanar da mai kira tun a gaisuwar farko, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi murya da lambar waya.

Kafin a sallami mai haɗa na'ura, ko daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka ɗauko shi ko daga wani kamfani, a gwada kowace hanya yana tsaye. A kira daga layi huɗu daban daban. A ƙi ɗauka a ga ko kiran ya tsallaka cikin daƙiƙa 20. A zare sim na farko ana tsakiyar aiki. A cire intanet a kira 401 daga 201, a ga abin da ya faru da reshen Balan, a tabbatar kiran ya koma ta salula. A sauya agogon na'ura zuwa daren Juma'a. Sannan a karɓi kalmar sirrin shugabancin na'urar a rubuce, da kwafin saitinta a filashi guda biyu, ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a hannun ma'aji. Bayan wata guda a buɗe rajistar kira a ƙirga nawa aka rasa, a wace awa, a wane reshe. Idan layuka ne suka cika, a ƙara sim. Idan wayoyi sun yi ta ƙara ba mai ɗauka, a koma kan takardar farko a sauya sunayen.